Ranar da Inna ta kalli ɗan farinta

Modam ɗin shagon Kawu wata 'yar akwati ce a gefen kwamfuta, da igiyar tarho a bayanta. Aikinta ta mayar da rubutu da hoto su zama ƙara, ta tura ta layi, wata irinta a can nesa ta mayar da su yadda suke. In za ta kira sai ta yi ƙii-ƙii, sannan shuuu, kamar an zuba ruwa a kaskon suya. Ni ce mai buga takardu a shagon, a nan Kazaure, kuma wallahi ina son wannan ƙara.

Yayanmu ya daɗe yana karatu a Sudan. Shi ne ɗan fari, Inna kuwa Bafulatanar Roni ce mai kunyar gaske. Ba ta taɓa kama sunansa ba, "wancan" take cewa, in ya shigo ɗaki ta kau da kai. Amma tun tafiyarsa ta rage cin abinci, duk mun sani.

Da ya aiko da hotonsa ta kwamfuta, na ba wani ɗan acaba saƙo ya kai wa Inna a Roni. Washegari sai ga ta, wai kanwa ta zo saya.

"Inna, kanwar Roni ta ƙare ne?"

Ta harare ni, ta zauna tana fuskantar ƙofa.

Na sa modam ta kira, layi ya kama. Hoton ya fara sauka daga sama, zare-zare, tafiyar hawainiya. Hula ta fito, goshi ya fito. Ana cikin haka Kawu ya ɗaga kan tarho zai kira wani, shi ke nan layi ya yanke. Raina ya ɓaci, har na manta ƙanin mahaifiyata ne.

"Haba Kawu, sau nawa zan ce layin ɗaya ne?"

Inna, wadda wai ba ta kallo, ta ce masa, "Kai dai tun kana yaro hannunka ba ya zama wuri ɗaya."

Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki. Na sake kira, na ɗora tarhon a cinyata na rungume, ina addu'ar kada a ɗauke wuta. Ido ya fito, hanci, ɗan gemun da ba mu san shi da shi ba. Ga Yaya nan yana murmushi, ya yi ƙiba abinsa. Daɗi ya kama ni.

Inna ba ta juyo ba. Can ta ce a hankali, "Ke, shi yana ganinmu ta ciki?"

"A'a Inna, hoto ne kawai. Ba ya gani."

Sai ta jawo kujerarta har gaban gilashin kwamfutar, ta janye mayafi daga fuska, ta zuba masa ido yadda ban taɓa ganin ta yi ba. Ta daɗe a haka, tana murmushi.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ashe da babana yake kama."