Aljihun Hagu na Mai Koyil

Na fara ganin Mai Koyil a shekarar da aka mayar da kwalejinmu ta fasaha wani tsohon sito kusa da tashar jiragen ruwa, wato shekarar da na fara sa tabarau. Ina da arba'in da ɗaya, shi yana da talatin da biyu. Ɗalibai goma sha tara ne a ajin lantarki, shi ne babbansu, shi kaɗai ne kuma mai iyali. Shekara goma sha uku ya yi yana naɗa wayar cikin injin niƙa da na ban ruwa, wadda ake kira koyil, a shagon wani, can ya samo sunan. Aiki ya iya, takarda ce babu, kamfanin jiragen ruwa kuwa ba ya ɗaukar mai lantarki sai da takarda. Neman aikin jirgin nan shi ya kawo shi makaranta, bai taɓa ɓoye wa kowa ba.

Ni lissafi da zanen waya nake koyarwa. Gara in faɗi gaskiya tun yanzu: a duk tsawon aikina, shekara ashirin da shida na yi ina zana wayoyi a allo, da rula da alli kala uku, ban taɓa kama ko guda da hannuna ba. Ɗakin aikin hannu yana bayan ajina, taku ashirin, amma iyakata bakin ƙofa. Nakan ce ƙarar injin ce ke sa mini ciwon kai.

Mai Koyil ɗalibi ne da kowane malami zai so, ba ya latti, ba ya surutu. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Duk lokacin da na kira shi allo, da ya ɗauki alli da dama ya nufi zanen, sai hannun hagu ya shige aljihu.

A makarantar mishan da na yi, ranar da aka raba mana kayan makaranta matar hedimasta ta zauna a kan keken ɗinki ta ɗinke aljihun kowane wando. Har muka gama, hankici a hannu muke riƙewa. An koya mana cewa yaron da ya tsaya gaban babba da hannu a aljihu ya gama faɗin abin da ke ransa. Ina ƙaunar makarantar nan har gobe, ita ta koya mini rubutu da tsafta da zuwa kan lokaci. Ita ce kuma ta sa nake ganin raini inda babu shi.

"Cire hannunka," nakan ce.

"To, Malam. A gafarce ni."

Sai ya cire. Kafin ya ja layi biyu ya koma. Sau goma sha huɗu a zango ɗaya. Na sani, domin ina rubutawa a bayan rajista. Sau goma sha huɗu ɗin nan ban taɓa tambayarsa dalili ba.

Kowace shekara kamfanin yakan ɗauki ɗalibai biyu daga wurinmu su koyi aiki a cikin jirgi, wanda ya yi kyau a riƙe shi. Sakamakon jarrabawa suke dubawa, da takardar shaidar hali. Takardun ni ke rubutawa, saboda an yarda Turancina ya fi na kowa. Mai Koyil ya zo na ɗaya. Na cika masa shafi ɗaya da rabi da yabo, sannan na rufe da jimlar da na kwana biyu ina gogewa: cewa hannunsa ya ƙware, sai dai ladabinsa ga na gaba bai kai ƙwarewar ba. Na karanta ta sau uku, ta burge ni.

Bayan mako biyu malamin aikin hannu, wani dattijo da kowa ke kira Kawu, ya ga kwafin a ofis. Ya same ni ina shan shayi.

"Malam, wane rashin ladabi mutumin nan ya yi maka?"

Na buɗe bayan rajista na nuna masa. Ya daɗe yana kallon layukan, sannan ya kama ni a hannu kamar mai kai yaro asibiti, ya ƙetare da ni ƙofar da ban taɓa ƙetarewa ba. Ɗalibai uku ne tsaye gaban akwatin wuta, kowanne da abin gwaji a dama, hagu a aljihu.

"Ga marasa kunya har uku, rubuta su," in ji Kawu. "In wuta ta shiga ta wannan hannu ta fita ta wancan, ina ta bi?"

Na ce ta ƙirji.

"Ashe ka sani. Waɗannan sai na yi shekara ina ihu kafin su saba. Shi ubangidansa ɗaure masa hannun ya riƙa yi a baya da tsumma tun yana sabon shiga. Yanzu ko hoton waya ya gani, hannun da kansa yake gudu." Ya dube ni ta saman tabaraunsa. "A duk kwalejin nan shi kaɗai ne ya ɗauka zanenka zai iya kama wuta. Da ni ne, godiya zan yi masa."

Washegari na sa kwat na tafi ofishin kamfanin da ƙafa. Akawun ta ce takardu sun wuce wurin babban injiniya. Na jira awa biyu da minti goma a kan benci. Da na shiga na yi bayani tun daga keken ɗinkin matar hedimasta, mutumin ya yi dariya har ya cire hularsa ya ajiye. Da ya gama sai ya ce:

"Ka ga, Malam, a teku in mutum ba ya jin maganar na gaba, kashe mu zai yi gaba ɗaya. Da na ga jimlarka na ajiye shi gefe. An riga an tura sunaye, an yi wa biyun fasfo. Sai ɗauka ta gaba, wata takwas."

Na so in tura wani ya gaya masa. Na ma so in rubuta wasiƙa, abin da na fi iyawa. A ƙarshe dai da la'asar na nemi gidan. Ɗaki biyu ne a bayan wata makera. Na tarar da shi a kan tabarma ya warware fanka, ga sabuwar jakar tafiya a jingine da bango, ko ledarta ba a cire ba.

"Ba su ɗauke ka ba," na ce, "kuma ni ne sanadi."

Na faɗa masa duka, har jimlar, kalma bayan kalma. Matarsa tana tsaye a bakin labule da kofin ruwan da ta kawo mini.

"Malam, aljihun nasa ne ko naka?" in ji ta.

"Ke," in ji shi.

"A'a, tambaya na yi. Ƙila na makaranta ne."

Ta ajiye kofin nesa da ni kaɗan, yadda sai na miƙe kafin in ɗauka. Shi kuwa ya ci gaba da jera kusoshin fanka a murfin gwangwani.

"Wata nawa suka ce?"

"Takwas."

"To. Masana'antar ƙanƙarar masu kifi na neman mai duba injin. Zan riƙe." Ya ɗago. "Da ka tambaye ni, Malam."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar.

Na ce ya riƙa zuwa gidana ran Asabar in koya masa rubuta rahoton aiki, domin a jirgi duk abin da ka gyara sai ka rubuta. Na nuna kamar don shi nake yi, alhali zuciyata nake lallashi. Asabar talatin da ɗaya ya zo, da warin kifin masana'antar a rigarsa, ya zauna a teburin cin abincinmu ina yi masa jan biro. Wata rana yana tattara takardunsa ya ce, "Malam, nauyi kake ɗora mini, ban san yadda zan sauke ba." Na ce ya bar wannan magana, na kuwa ji daɗin kaina ƙwarai.

Takardar shaida ta biyu da na rubuta masa layi uku ce. Suka ɗauke shi. Shekara ashirin da ɗaya ya yi a teku, daga mai canza fis har ya zama shi ke riƙe da wutar jirgi duka. Da gwiwa ta fara ba shi wahala wajen hawa tsani ya sauka, ya shugabanci masu lantarki a wata masana'antar siminti har ya yi ritaya. 'Ya'yansa mata biyu duk sun yi karatu. Yanzu mukan haɗu a layin asibitin ido, ya tashi ya ba ni wurinsa, ko da yake shi ma da sanda yake tafiya.

Ranar da jirginsu na farko ya tashi, na dawo daga rakiya na nufi famfon bayan gida in wanke hannu. Shekara shida famfon nan yana jan mutum kaɗan-kaɗan in injin ɗaga ruwa na aiki. Na taɓa zana wa matata dalilin a takarda, da alƙalami kala biyu, na kuma kafa doka cewa kada kowa ya taɓa shi sai da silifan roba. Ina cikin neman silifan ta leƙo daga kicin.

"Bar nema, an gyara."

"Wa ya gyara?"

"Ɗalibinka. Safiya uku yana zuwa kana wurin aiki. Ya haƙa rami ya binne ƙarfe, ya canza wayar injin gaba ɗaya. Ya ce Allah ne kawai ya tsare mu."

"Me ya hana shi gaya mini?"

"Na ce ya gaya maka. Ya ce a'a, a bar shi, kada Malam ya ji kunya." Ta juya za ta koma ciki. "Ni dai ban yi masa alkawarin komai ba."