Sawaye Shida a Dokin Ƙofa

Daminar bana ta cika shekara goma sha ɗaya da Ubangiji ya kira mijina Ishaya gida. Ni ban yi boko ba. 'Yata Hannatu ce riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina ta jira ni. Na ce a kai jarida, don a Bukuru akwai masu kwana a ɗakunan da ya gina, ba su ma san sunansa ba.

Magini ne. Da kwanon sarki ya fara, yana ɗaukar wa wasu yashi, har ya zama shi ake kira a zuba harsashi. Bai taɓa ɗora bulon farko bai cire hula ya yi addu'a ba, ko gidan Kirista ne ko na Musulmi. Ranar Lahadi kuwa cokalin gininsa na rataye, ko waye zai zo da gaggawa. Sai ya ce, "Oga, wanda ya gina duniya ma ya huta." Sanyin Jos ya farfasa masa hannu, siminti ya cinye sauran. Kafin mu tafi coci ni nake shafa masa mai, yana tsokanata wai ina lallaɓa katako.

Namu gidan a hankali ya tashi, da ragowar ƙarfin da yake dawowa da shi da yamma. Yana da wata al'ada da ban gani wurin kowa ba. Duk yaron da na haifa, bayan an kai shi coci an sa masa albarka, sai ya kwaɓa siminti kaɗan ya ƙara a dokin ƙofar ɗakinmu, ya kama ƙafar jaririn ya danna a ciki. Ni faɗa nake, ina cewa zai sa mini yaro mura. Ya ce, "Maman Bitrus, ke ba ki karatu. Ga naki littafin nan ina rubuta miki."

Sawaye shida ne a wurin. 'Ya'yana biyar ne a raye.

Na uku a jere na Talatu ne. Ƙyanda ta ɗauke ta tun ba ta iya cewa Baba ba. Ba mu da hotonta, lokacin hoto sai mai hali. Maƙabartar da aka sa ta gidaje sun haɗiye ta, na je neman wurin na rasa. Duk faɗin duniyar nan, abin da ya rage da ke nuna yarinyar ta taɓa zuwa shi ne wannan ɗan sawu, wanda bai kai tsawon yatsana ba. Bayan mun binne ta, Ishaya ya daina tsallake dokin ƙofar da sauri. Yakan tsaya kaɗan, sannan ya wuce. Bai taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Nakan ce da zai leƙo yau, me zai ce? Zai ga benaye a kan tsofaffin ramukan kuza da aka cike, inda ya sha ƙin aiki yana cewa ƙasar ba ta gama zama ba. Zai ga katangu sun fi ɗakuna tsawo, maƙwabci ba ya ganin hayaƙin maƙwabci. Wannan zai dame shi. Amma kada in yi masa ƙarya, ba mai ƙin sabon abu ba ne. Da ya ga tayil ɗin zamani, da ya durƙusa yana shafawa yana yaba wanda ya jera.

Tayil ɗin ne ma ya sa nake wannan magana. Babban ɗanmu Bitrus, malamin makaranta ne, ya so ya gyara mini gida don tunawa da mahaifinsa. Ya kawo ma'aikata, suka shimfiɗa tun daga falo, har suka iso ƙofar ɗakina. Na fito na tarar da ɗaya riƙe da guduma. Na zauna a kan dokin ƙofar kamar ƙaramar yarinya, na ƙi tashi.

"Mama, wurin ya tsage, zai kayar da ke," in ji Bitrus. "Na ɗauki hotonsu a waya, ba abin da zai ɓata."

Gaskiya ya faɗa, ya tsage. Kuma da ƙauna ya zo. Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Idanuna sun yi yana, me zan gani a waya? Da hannu nake karanta su kowace safiya in ina shara. Na ce, "Miƙo hannunka." Na ɗora yatsansa a kan sawun Talatu, sannan na matsar da shi gefen diddige, inda akwai wani ɗan rami. Na ce masa ya duba sauran. Kowane sawu da irin ramin a gefensa. Babban yatsan ubansu ne, inda ya dafa lokacin da yake riƙe da ƙafar.

Bitrus ya girma yana tsallake wurin, bai taɓa lura ba. Ya sa babban yatsansa a ramin da ke gefen nasa sawun, ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi, murya ƙasa-ƙasa ya ce wa mai gudumar su tsaya a nan.

Mutuwa rigar kowa ce, kuma na san siminti ma ba ya dawwama. Ishaya da kansa yakan ce gidanmu na gaske ba da hannu aka gina shi ba, can nake sa ran samunsa, shi da Talatu. Gidajen da ya gina wasu an rushe, wasu an canza musu fuska har ban gane su. Kewarsa kuwa ba ta rage ba ko kaɗan. Har yau in na dafa shayi nakan ɗauko kofi biyu.

Ranar Asabar da ta wuce Bitrus ya dawo da ɗan siminti a leda, da jaririyar da 'yarsa ta haifa. Ya ɗauko cokalin ginin ubansa daga inda yake rataye. Kwaɓin ya yi ruwa, da Ishaya na nan da ya yi masa dariya. Haka Bitrus ya cire hula, ya yi addu'a, ya danna ƙafar yarinyar tana tsala kuka. Na ce zai sa mata mura.

Da ya bushe na lalluba da hannu. Akwai ɗan rami a gefen diddigen.