Ranar da Na Durƙusar da Inna

Wata biyu ke nan, amma har yanzu in na ji an buga sanda a kan katako sai na janye ƙafata.

Da na gama sakandare ban samu wucewa gaba ba, sai aka ba ni ajin yaƙi da jahilci na mata a ƙauyenmu, can gefen Doguwa wajen duwatsu. Bayan la'asar muke shiga ajin firamare, yara sun riga sun tashi. Duk matan sun girme ni. Babbarsu wata dattijuwar Bafulatana ce daga rugar bayan rafi, kowa Inna yake ce mata. Takan sayar da nononta, ta kife ƙwarya a bakin ƙofa, ta zauna a bencin gaba. Abu ɗaya ya kawo ta: tana son ta riƙa nemo lambar 'yarta da ke aure a Tudun Wada a waya da kanta, ba sai ta roƙi kowa ba. A ruga ba wanda ya san tana zuwa, sun ɗauka ciniki ne ke tsayar da ita.

Da zango ya zo ƙarewa, shugabar shirin ta ce mu yi wasan kwaikwayo ranar kasuwa, ko wasu matan sa gani su shigo. Kashi biyu ne. A na farko ni ce muguwar malama, mai tsawa da bulala, har ɗaliba ta gudu. A na biyu in dawo mai haƙuri, ɗaliba ta iya karatu. Inna ta ce ita za ta zama ɗalibar.

Wajen gwaji na kasa. Ta yaya zan tsaya a kan sa'ar kakata in ce ta durƙusa? In na yi tsawar, da ƙyar ake jin ta.

"Malama, wannan tsawar ko ɗan maraƙi ba za ta kora ba," in ji Inna, mata suna ta dariya. "Ki daka min sosai. Ni na ce na yafe."

Ranar wasan aka haɗa tebura a filin makaranta, ƙarƙashin mangwaro, muka hau. Mutanen kasuwa suka cika wurin, har kan katanga. Inna ta shigo a makare kamar yadda aka tsara. Na rufe ido, na tattaro duk ƙarfina.

"Ke! Yanzu ake zuwa makaranta? Durƙusa!"

Ban taɓa sanin ina da irin wannan muryar ba. Inna ta sa gwiwa a kan katako, na ɗaga tsumagiya sama.

Sai na ji teburin ya girgiza. Wani dogon mutum ya diro gabana, malfa a ka, sandar kiwo a hannu. Ya buga ta a kan katakon, dab da yatsun ƙafata, har na ji ƙarar a haƙorana. Babban ɗan Inna ne, magidanci mai iyali. Ya shigo kasuwa sayen gishirin shanu, ya ga taro, ya leƙo, abin da ya fara gani kuwa uwarsa a durƙushe, wata yarinya ta ɗaga mata bulala.

'Yan kallo suka fashe da dariya, har da tafi. Sun ɗauka cikin wasan ne. Wannan ya fi komai tsorata ni, don na gane ba wanda zai hau ya cece ni.

"Ke 'yar waye?" ya ce, a hankali, idonsa jawur.

"Malam, wasa ne. Wallahi wasa ne."

"Wasa? Gwiwar da ke ƙasa ta wasa ce?"

Tsumagiyar ta faɗi ban sani ba. Ina kallon jijiyar hannunsa a kan sandar, ina kalmar shahada a zuci. Ya juya ya ce, ba tare da ya dubi uwarsa ba, daga yau ta gama da wannan wurin, a ɗauko mata ƙwaryarta.

To, shi ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, balle a gaban jama'a. Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta juya masa baya, ta fuskance ni.

"Malama, ki gaya wa wancan, ni na sa ki."

Na dube ta. Ni zan gaya masa? Da wannan sandar?

"Ki gaya masa mana. Ba ke ce malama ba?"

Na faɗa. Muryata kamar ta sauro.

"Ki gaya masa shekara nawa ina miƙa masa waya ya nemo min ƙanwarsa, yana ce min sai ya dawo daga daji."

Wannan ma na faɗa, ina kallon takalminsa. Zuwa lokacin dariyar ta mutu, mutane sun fara ganewa. Inna ta kwance bakin zaninta ta ciro 'yar wayarta. Ta kai ta kusa da ido, tana dannawa ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Ta daɗe. Na san wani lokacin tana ruɗa shida da tara, na riƙa addu'a kar yau ta ruɗe, don in ta kuskure ban san me zai hana shi tafiya da ita ba, ban kuma san me zai yi da ni ba.

Wayar ta yi ƙara, ta yi ƙara. Sai muryar mace ta fito, tana sallama da Fulatanci. Inna ta miƙo min.

"Ki ba shi su gaisa."

Na miƙa masa da hannu biyu. Ya tsaya kamar ba zai karɓa ba, sannan ya mayar da sandar hannun hagu ya karɓa. Ya sauka daga teburin yana magana ƙasa-ƙasa. Kafin ya fita daga taron ya waiwayo.

"Ta zo in tana so. Amma in na ƙara ganin kin tsaya a kanta, ke da ni ne."

Ba mu yi kashi na biyu ba. Mata biyu ne suka sauko da ni. A gida na kwana uku ban leƙa ko zaure ba.

Ranar da na koma, na tarar da ƙwaryar a kife a bakin ƙofa. Inna na bencin gaba. Ta taga na hango ɗan nata zaune a gindin mangwaron, sandar a kan cinyarsa. Duk ranar kasuwa haka yake zuwa, ya zauna har mu tashi.

Na sauke allon daga bango na jingina shi a ƙasa. A kan tabarma nake koyarwa yanzu, su suna kan benci, ni nake ɗaga kai in dube su. Jiya Inna ta ce, "Malama, ɗaga murya, na baya ba sa ji." Na gwada. Sai idona ya kai taga, muryar ta koma.