Takalma a Ƙofar Masallaci

Ranar Alhamis ce, ƙarfe bakwai na safe. Mu uku ne a ɗakin da nake haya a bayan kamfanonin Sharada: ni, da matata Rabi, da yayana Sale, wanda ya taso daga aikin dare a kamfanin fata na Challawa ya biyo ta wurinmu. Rabi tana da cikin wata takwas. Muka sha koko da ƙosai. Sale ya miƙe a tabarma. Ni aikin yamma gare ni.

Shekarata goma sha ɗaya a Kano, kuma a ganina na iya karanta unguwa. Idan mai shayi ya kife bencinsa da rana tsaka, ba na shiga layin. Idan 'yan adaidaita sahu suna fitowa babu fasinja, juyawa nake yi. Amma alamar da na fi yarda da ita takalma ce. Duk layin da ka ga takalma jere a ƙofar masallaci lokacin salla, akwai manya a wurin, kuma 'yan daba ba sa kusantar inda manya suka taru.

Ƙarfe ɗaya da kwata muka ji fito. Sai ƙarar adduna ana jan su a kan kwalta. Sai ihu: "Ku fito da su!" 'Yan dabar wata unguwa ne suka zo ramuwar gayya. An sari ɗayansu a layinmu kwana biyu kafin nan. Ba sa tambayar suna. Duk namijin da suka samu, a wurinsu shi ya yi saran.

Ɗaya da rabi suka ɓalle ƙofar maƙwabtanmu. Sale ya jingina turmi da katangar baya, na fara haurawa, Rabi ta taka, na tare ta ta waje. Muka bi gefen kwatar da baƙin ruwan kamfanoni ke bi. Nufinmu mu kai babban titi, mu sami abin hawa zuwa Na'ibawa, gidan gwaggonta.

Mun buga ƙofa uku. Biyu ba su amsa ba. A ta uku na gane muryar mutumin, tare muke sallar asuba.

"Ku yi gaba! Kada ku jawo mana!"

Biyu saura kwata muka iso inda hanya ta rabu. A hagu hayaniya ce, mata suna janye yara, ana buga ƙofofin shaguna. A dama shiru. Can tsakiyar layin ga masallaci, ga takalma a jere, sun kai ashirin. Sale ya nuna hagu. Na ce dama. Na faɗa da ƙarfi, kamar wanda ya sani. Ya dube ni, ya biyo ni.

Sai da muka zo daf na leƙa. Babu kowa a ciki. Butoci a kife, ruwan alwala bai bushe ba, fanka tana juyawa. Masu takalman sun gudu ne ƙafa ba takalmi.

Su shida suka fito daga kangon da ke kallon masallacin, da adduna da gorori. Babbansu bai wuce shekara ashirin da biyar ba.

"Ku tsaya nan!"

Sale ya tura Rabi jikina. "Ku tafi!" Ya ɗaga hannuwansa sama ya nufe su, yana cewa shi baƙo ne, daga Jigawa yake. Gaskiya ya faɗa. Babu wanda ya saurare shi.

Rabi ba ta iya gudu. Na riƙe kafaɗarta muna jan ƙafa. Ban waiwaya ba. Na ji sara huɗu. Bayan na biyu ban ƙara jin muryarsa ba.

Biyu da minti goma muka fito titi. Motoci biyar suka wuce mu. Wani direban tirela da ya ɗauko kaya daga Challawa ya tsaya, ya ɗora Rabi a gaba, bai tambaye mu komai ba.

Bayan la'asar na koma tare da 'yan sanda. Wani ya rufe gawar Sale da tabarmar masallacin. A nan aka shaida mini cewa mazan layin hagu sun tsaya a bakin layinsu da sanduna, kuma ba a taɓa ko mutum ɗaya a can ba.

Da safiyar Juma'a muka binne shi a ƙauyenmu. Shekararsa arba'in da ɗaya. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu.