Ruwan da Ya Shiga Sensar Gas

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula na fara kai mota garejinsa a Sabon Gari. Ni direba ne, ɗan Fagge, ina ɗaukar kaya daga Kasuwar Singa a ƙaramar bas ina rarraba wa kantunan unguwanni. Shi kuwa mai gyaran wayar mota ne, Ibo, Kirista, amma a Kano aka yanke masa cibi. In yana Hausa daga bayan katanga sai ka rantse ɗan cikin birni ne. Ina kiransa Injiniya, shi kuma yana kirana Alhaji tun ban san hanyar filin jirgi ba.

Akwai wata al'ada tsakaninmu. Duk jajibirin Kirsimeti sai ya kira ni in zo da wuƙata in yanka musu akuya, don maƙwabtansa Musulmi su ci abincin gidansa hankali kwance. Shi yake riƙe ƙafafu, ni in yi bisimilla in yanka. Washegari Madam, matarsa, ta aiko gidana da kula mai murfi ja cike da shinkafa da nama. In Babbar Sallah ta zo, cinyar ragona ta san hanyar gidansu. Sama da shekara ashirin ba mu yi fashi ba, har a shekarun da gari ya hargitse, 'yan'uwansa da yawa suka kwashe kayansu suka tafi, shi ya ce ba inda za shi. Ban taɓa faɗa masa ba, amma wannan kiran na jajibiri yana daga cikin abubuwan da nake alfahari da su a duniya.

Da aka cire tallafin mai, fetur ya gagari talaka, sai Injiniya, da furfurarsa, ya tafi ya koyo yadda ake mayar da mota ta riƙa aiki da gas. Bas ɗina na cikin na farko da ya yi wa aikin. Ya ɗaura mata doguwar tukunya a ƙarƙashin kujerar baya, ya ja bututu zuwa inji, ya sa mini wani ɗan maɓalli mai fitilu kusa da sitiyari. Ranar ya yi ta yi mini bayani, yana nuna wannan yana nuna wancan, ni kuwa hankalina na kan lodin da ke jirana a Singa, sai “to, to” nake cewa. Direbobin tasharmu suka zuba wa motata ido, kowa yana jira ya ga yadda za ta kaya kafin ya kai tasa.

Wata huɗu lafiya ƙalau. Daga nan ta fara wani hali: ina cikin tafiya sai maɓallin ya yi ƙara, ƙit ƙit ƙit, motar ta bar gas ta koma fetur da kanta, alhali da safe na bi layi na cika tukunyar. In na kashe na kunna sai ta koma daidai, kwana biyu kuma ta sake. Ban kai masa ba, ina ta cewa gobe.

Ranar da abin ya faru, na yi lodin katan-katan na taliya har rufi. A Titin Ibrahim Taiwo, da tsakar rana, cikin cunkoso, ta yi ƙarar nan ta koma fetur. Fetur ɗin kuwa ɗan ɗigo ne a tanki, don na saki jiki da gas. Ba ta yi taku ashirin ba ta mutu. Na yi, na yi, ta ƙi karɓar gas. Masu Adaidaita Sahu suka yi mini caa da hon da baƙar magana, mai kaya yana ta kira a waya, wani direban tasharmu ya wuce yana dariya yana cewa, “Alhaji, iskar ta ƙare ne?” Ni dama zuciyata a kusa take, kowa ya san ni da wannan. Da ƙyar na samo fetur a galan, na sauke kaya, ban ko ci abinci ba na nufi Sabon Gari.

Na tarar da shi a kan benci tare da direbobi uku da suka zo tambayar yadda aikin gas ɗin yake. Ban yi sallama ba. Na ce masa jabun kaya ya sa mini, ya mayar da ni abin dariya a gari. Ya miƙe yana cewa, “Alhaji, zauna mu duba.” Da na tsaya a nan da da sauƙi. Amma sai da bakina ya ƙara da cewa, “Dama haka kuke, ba ku da amana.”

Injiniya bai rama ba. Ya dube ni kamar yana neman wani mutum a fuskata, sannan ya ce, “Buɗe bonet.”

Har yau ina ganin yadda ya yi aikin nan, a natse, ba ya kallon kowa. Ya fara kaɗa sabulu a roba ya shafa kumfar a duk mahaɗar bututu, tun daga tukunya har inji, ko gas na yoyo. Babu inda kumfa ta taso. Ya kwance matatar gas ɗin ya duba, ya ga a tsabtace take, ya mayar. Sannan ya ɗauko kwamfutarsa ya jona da motar, ya kuma ɗaura wani geji mai allura a kan bututun da ke shiga inji. Ya ce in tayar.

“Zo ka gani da idonka,” in ji shi. “Wannan allurar ita ke nuna ainihin ƙarfin gas ɗin da ke cikin bututu. Ka ga ta motsa?”

“Ba ta motsa ba.”

“To dubi nan.”

A fuskar kwamfutar akwai wata lamba da ke ta tsalle, ta hau, ta faɗo kusan babu, ta sake hawa. Ya ce akwai wata 'yar na'ura, sensa, aikinta ta riƙa gaya wa ƙwaƙwalwar motar ƙarfin gas. Wannan lambar ita ce abin da sensar ke faɗa. Gas yana nan da ƙarfinsa, amma sensa tana kai rahoton ya ƙare, shi ya sa motar ke gudu ta koma fetur. Na ce a raina, ai ga shi nan, sensar jabu ce. Har na ji wani daɗi mara kyau, don ina so in zama mai gaskiya a gaban mutanen nan.

Bai cire ta ba tukuna. Ya kama wayar da ke shiga sensar ya ɗan girgiza ta, lambar ta haukace, injin ya yi tari. Ya kashe motar, ya zare soket ɗin ya juya shi a tafin hannunsa. Ruwa ya ɗigo, ɗigo biyu. 'Yan ƙarafan da ke ciki, waɗanda ya kamata su yi ƙyalli, sun yi kore shar da tsatsa.

“Alhaji, kana wanke inji?”

“Duk Alhamis.”

Na faɗa ne ma da alfahari. Mu tsofaffin direbobi haka muka taso: direban kirki ba ya shiga Juma'a da injin da ya yi dauɗa. Duk Alhamis nakan kai ta wurin wanki, a shafa wa injin kalanzir, a sa masa tiyo mai ƙarfin nan har sai ya yi fes. Ni da kaina nake tsayawa a kansu ina nuna musu lungu-lungu, kuma wannan kusurwar da ya ɗaura sababbin kayan, can na fi cewa a matsa ruwa, don su ne abin nunawa.

“Ranar da na haɗa maka,” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, “na ce kada tiyo ya taɓa nan. In dole ne, a ɗaure da leda. Ka ce mini to.”

Na tuna. Wallahi na tuna, har da yatsansa a kan wurin. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba motar nake nufi ba.

Ya goge ƙarafan da ɗan buroshi, ya fesa musu magani, ya busar. Ya mayar da soket ɗin, na tayar, lambar ta tsaya cak daidai da allurar. Sensar da na kira jabu lafiyarta ƙalau, ita ce a motar har yau. Ya naɗe wurin da tef, ya rufe bonet da kansa. Kafin nan biyu daga cikin direbobin sun riga sun tafi. Sun ji zagin, ba su ga ruwan ba.

Na ce, “Injiniya, don Allah ka yafe mini. Sharrin zuciya ne.”

“Ba komai, Alhaji. Mota ce, takan yi haka.” Ya goge hannu da tsumma. “Maganar jabu ba ta dame ni ba, kowane mai gyara ya saba jin ta. Amma da ka ce haka muke, su wa kake nufi? Ni na ɗauka ni da kai ne mu.”

Bayan nan na bi tasharmu mutum-mutum ina faɗin cewa laifina ne, na nuna musu wurin, na ba su labarin tiyo. Wasu sun kai masa motocinsu daga baya. Wannan ɓarnar ta gyaru. Amma magana zarar bunu ce, kuma na san maganar rashin amanar nan ta isa kunnen Madam, don da na gaishe ta a bakin kasuwa ta amsa mini da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo.

Da Disamba ta kama na wasa wuƙata kamar kullum, na naɗe ta a takarda na ajiye a aljihun mota. Ranar jajibiri tun safe wayata na gaban sitiyari. Na ƙi ɗaukar lodi mai nisa, ina ta zagaye tsakanin Singa da Tashar Jirgin Ƙasa don kada kira ya same ni a bayan gari. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Sau biyu na kama hanyar gidansa ina juyowa, don ba a taɓa yi na je ba a kira ni ba.

Washegari da hantsi sai ga shi da kansa a ƙofar gidana, riƙe da kular nan mai murfi ja. Muka gaisa, na yi masa barka da Kirsimeti, ya tambayi motar, na ce lafiya lau. Ya miƙo mini kular, da zafinta.

“Ku ci hankali kwance, Alhaji,” ya ce. “Musulmi ne ya yanka. Mahauci na kira daga kasuwa.”

Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Ya tafi, na shiga da ita cikin gida, yara suka taru a kanta suna murna. Ni kuwa na koma mota na ciro wuƙar daga takardarta, na mayar da ita inda take zama.