Miyar da Ta Gagari Kowa

Likita ya hana ni barkono, ya ce gyambon ciki ne. Da ya faɗa sai na ji kamar an sauke mini kaya, na kuma ji kunyar jin hakan, domin a danginmu na unguwar Kwarbai da barkono aka san ni.

Abin ya faro ne a gindin murhun Iya, kakata ta wajen uba. Bayan sallar isha takan ja tabarma kusa da garwashin da tuwo ya bari, mu jikoki mu kewaye ta, kowa da guntun rogon da aka gasa a toka. Yaya Sani, babban wanmu, shi ke kawo yaji a murfin kwano ya ce a gwada jarumta. Wata rana ya cusa mini ɗan mitsitsin barkonon nan, tsiduhu, a cikin rogo. Bakina ya kama da wuta, amma don kada a yi mini dariya na haɗiye, ko hura baki ban yi ba. Yara suka ɗau tafi. Iya ba ta tafa ba. Ta dube ni ta wutsiyar ido, ta gyara garwashi, ta ce, "Ga wata tatsuniya nan tafe, masu tafi su ajiye hannu."

Wai an yi wata yarinya, Ladi, da ta tauna barkono a gaban baƙi, kunya ta hana ta tofarwa. Baƙi suka yaba, labari ya zaga gari. Daga ranar duk matar da hannunta ya zarce da barkono a miya ba ta zubarwa, sai ta ce a kai wa Ladi. Ladi ta ci, a yi mata kirari, gobe a kawo wadda ta fi. Ana nan sai mai zuma ya sauka a garin, kowa ya lasa yana lumshe ido. Ladi ta lasa, ta ji kamar ruwan randa. Ta tafi da kuka wurin wata tsohuwa a bakin rafi. A nan Iya takan sassauta murya ta zama tsohuwar: "Harshenki fushi ya yi, 'yar nan. Ya daɗe yana ce miki ya isa, kina haɗiye maganarsa. Yanzu shi ma ya daina gaya miki komai."

Na ce, "Iya, ta warke?"

Ta ce, "Ni ina na sani, Rakiya? Ranar na baro garin. Ƙurunƙus, ku tashi mini a kan tabarma."

Na ji tatsuniyar, amma tafin ya fi mini daɗi. "Rakiya ba ta jin yaji" ya girma tare da ni har ya koma "Rakiya ba ta gajiya". Biki ni ce a kan tukunya, suna ni ce, jinyar asibiti ni ce mai kwana a ƙasa, da safe kuma in wanke ido in tafi makarantar da nake koyarwa. Ba mugunta kowa ya yi mini ba. Sun ga ina haɗiyewa ne, suka ci gaba da miƙowa. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. To, dutsen na dafa shi, romon ne har yau ban ji ɗanɗanonsa ba. Na gaji, gajiyar da barci ba ya fitar da ita.

Jiya da la'asar Yaya Sani ya zo daga unguwar Gyallesu a kan maganar bikin 'yarsa. Ya tarar ina cin tuwo da miyar kuka.

Ya ce, "Girkin bikin Hauwa fa yana wuyanki. In ba ke ba, wa?"

Ya sa hannu a kwanona, ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska. "Wa ya yi miki wannan lami? Ke da ko tsiduhu ba ya girgiza ki."

Na ce, "Yana girgiza ni, Yaya. Tun wancan na cikin rogo."

Ya yi dariya, ya ga ban taya shi ba, ya daina.

Na ce, "Girkin kuma ka yi haƙuri a nemi wata. Ba zan iya ba."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina, sannan ya ce to, ya sa takalmi. Ban ji daɗin ɓata masa rai ba, ban kuma kira shi ya dawo ba. Na koma kan tuwona, har ya huce. A loma ta biyu na ji ɗanɗanon daddawa, abin da na daɗe ban ji ba, kaɗan dai, can a ƙarshen harshe. Na ci a hankali, ina ta so a ce Iya na nan ta gan ni, Ladin tatsuniyarta, ina cin miyar da na zaɓa da kaina.