Safara'u Mai Murhu, Uwar da Aka Raba da Goyonta

Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun Dutse, Inna Safara'u ta riga ta kwaɓa yumɓu. Duk wanda ya bi ta layinmu a Yalwawa da sassafe zai jiyo ta daga tsakar gida, tana dukan ƙasa da tafin hannu, tana zuba ƙaiƙayi da kashin jaki, tana yi wa awaki faɗa. Idan kwaɓin ya yi yadda take so, sai a ɗura mata a buhu a ɗaure a bayan kekenta na guragu, ta zura silifas a hannu, ta ja jiki ta hau, ta nufi gidan da ya kira ta. Can za ta wuni tana gina murhu mai katanga, baki ɗaya na sa itace, mazauni biyu na tukunya. Shan-inna ne ya cinye mata ƙafafu tun tana 'yar mitsitsiya. Hannuwanta kuwa, macen da ba ta shirya ba kada ta miƙa mata nata su gaisa.

Bana ta ce ƙugunta ya soma gajiya, za ta bar wa matan da ta koya wa su ci gaba da shiga gidaje. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Amma in faɗi gaskiya, ba yabo kaɗai ya zaunar da ni ba. Akwai takaici cike da cikina, kuma yau sai na amayar da shi.

Aikinta dai ba sai na kawo shaida daga nesa ba. Maƙwabciyarmu Adama mai waina ta ce da ni, "Da, kafin in gama suya idona ya yi jajir, in yi ta tari kamar tsohuwar akuya. Tun da Inna ta gina min murhun nan, ɗaurin itacen da ba ya kai ni jibi, yanzu har sai in manta yaushe na saya." Matan rugagen da ke hanyar Kiyawa, waɗanda neman itace ke cinye musu hantsi, da kansu suke aiko mata da a daidaita sahu. Da gas ya yi tsada, matan ma'aikata ma suka biyo layi, har da masu toshe hanci idan sun ga kayan kwaɓin.

A gidanta ba a san zubar da abu ba. Ɓawon gyaɗa da totuwar masara takan babbake su a cikin duro, ta daka, ta cuɗa da kunun rogo, ta mulmula ta shanya, ga gawayi ba a sari bishiya ba. Ruwan wanke-wanke na zogale ne. Wake in ya tafasa, sai ta sauke tukunyar ta naɗe da tsohon bargo a cikin kwando, ya ƙarasa nuna da kansa. Mijinta Malam Gwadabe, wanda makaho ne, yana zaure yana tufka igiya da tsofaffin buhunan da ta wanke masa. In ka tambaye ta dalili, sai ta ce, "Bishiya me ta yi mana da za mu yi ta ƙona ta haka kawai?"

To amma mutane nawa suka san abin da ya sa ta gina murhunta na farko?

Tun tana da ciki aka fara. Ta je awo wani asibiti, ma'aikaciyar da ke bakin aiki ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wane marar imani ne ya yi miki wannan?" Matar aure fa, da sadakinta, da shaidunta! A idon waccan baiwar Allah, gurguwa ba ta yin ciki sai dai a yi mata fin ƙarfi. Safara'u ta haɗiye. Ta haifi 'yarta Nuriyya lafiya, ta goya ta a baya tana rarrafe da ita, ta yi mata wanka, ta yi mata tsarki, ba ta taɓa aika wa kowa ya zo ya taya ta ba.

Da lokacin yaye ya yi, Hajiya Ikilima, yayar Malam Gwadabe, ta zo daga Kiyawa ta ɗauki yarinyar. Wannan ba baƙon abu ba ne, kowa ya san akan kai yaro wurin dangi ya ɗan kwana biyu ya manta da nono, a dawo da shi. Nono ya ƙafe, yarinya ba ta dawo ba. Malam Gwadabe ya ɗauki sandarsa ya je har can. Hajiya ta ce da shi a gaban mutane, "Uba ba ya gani, uwa ba ta tafiya. In ta ruga cikin wuta, wa zai kamo ta? Ai taimakonku nake yi." Manyan gida suka ce gaskiya ne. Ita kuwa Safara'u aka rufe mata baki da kunyar 'yar fari: wace uwa ce za ta buɗe baki ta ce a dawo mata da 'yar fari, in ba marar ta-ido ba?

Nan ne raina ke ɓaci. Riƙo abu ne mai kyau a inda iyaye suka bayar da hannunsu. Alkunya ma ado ce. Amma a haɗa su biyu a yi wa mace fashi da rana tsaka, sannan a tsaya jiran ta yi godiya, wannan zalunci ne, ko da wanda ya yi shi ya je Makka sau goma. Kuma Allah bai ƙara ba ta haihuwa ba. Ita ke nan.

Tunda wuta aka ce, Safara'u ta tashi ta yi maganin wuta. Ta kwashe duwatsun murhunta uku ta jefar, ta yi ta gini tana rushewa, har ta samu wanda ya rufe wutar ruf, yaro ko ya jingina da shi ba zai taɓa garwashi ba. Ta aika Kiyawa ta ce, "Yaya ta zo ta gani." Hajiya Ikilima ta zo, ta zagaya murhun, ta shafa katangarsa, ta ce, "Kai, Safara'u, hannunki da albarka. Yaushe za ki zo ki yi min irinsa?" Maganar yarinya ko da wasa ba ta ɗauko ba.

Da ni ce, wallahi da kwaɓin zan watsa mata. Ita kuwa ta ce, "Gobe, Yaya." Ta je, ta ja aikin yini ɗaya har ya kusan cinye mako, don tana ɗora yumɓu tana kallon 'yarta na wasa a tsakar gida. Daga nan duk ƙarshen damina sai ta ɗauki ƙullin ƙasa ta tafi Kiyawa, wai za ta liƙe tsagar murhu. Murhun nan bai taɓa tsagewa ba. A haka ta ga Nuriyya ta yi haƙoran girma, a haka ta ga ta shiga makaranta, yarinya na kiran gwaggonta Umma, ita kuma tana ce mata Innar Yalwawa.

Ke ce, Inna Safara'u. Ke ce aka ce ba za ki iya tsare yaro ɗaya daga wuta ba, kika bi gida gida kina tsare 'ya'yan mutane. Ke ce kike tsaka da aiki a ƙofar gidan wani, wani mai wucewa ya jefa miki sadaka a cinya, ki kira shi ki mayar masa, ki ce in yana da mata ya kai ki ki gyara mata madafa. Gwanar yumɓu, mai rufa wa wuta asiri.

Bara Nuriyya ta yi aure, bana ta haihu, namiji. Haihuwar fari ce, dole a je wankan gida. Hajiya Ikilima ta sa aka jibge mata itace kamar za a yi gashin tubali, ta share ɗaki. Ranar da za a tafi, Nuriyya ta shiga a daidaita sahu da jaririnta, ta ce da direba, "Yalwawa." Hajiya da ta zo ɗaukarta ta riƙe ƙarfen keken ta ce, "Ke, kina hauka? Wa zai ɗaga miki ruwan zafi a can?" Nuriyya ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, ki yi haƙuri. Kin yi min komai, Allah ya saka. Wannan ɗin na Inna ne."

Da suka iso Yalwawa, Inna Safara'u ba ta zauna ba. Ta gina murhu na musamman dab da makewayi don kada a yi nisa da ruwa, ta tafasa rabin duro da gawayinta na ɓawon gyaɗa, ta tanadi ganyen darbejiya, ta dama kunun kanwa.

Adama ce ke riƙe da jariri a bakin makewayi ran wankan farko, ita ta ba ni labari. Inna ta tsoma ganye ta fara fyaɗa wa 'yarta ruwa a baya, sai hannunta ya tsaya. Ƙasan kafaɗar Nuriyya akwai tabon ƙuna, tsoho, faɗinsa ya kai tafin hannu.

"Wannan fa?"

"Na tuntuni ne, Inna. Ruwan zafi ne ya zubo min daga kan risho, ban ma shiga makaranta ba. Umma ta ce kada a faɗa miki, hankalinki zai tashi."

Ba na zargin Hajiya da ƙunar, yaro yakan ji ciwo a gidan kowa. Amma ku faɗa min tsakaninku da Allah, da a gidan gurguwa da makaho aka yi wannan tabon, ina za su sa kansu a garin nan? Adama ta ce ta zaci Inna za ta yi zagi, ko ta ambaci sunan Hajiya. Ba ta yi ba. Ta ajiye ganyen, ta ɗora tafinta a kan tabon, sannan ta ce, "Da kina kuka, wa ya riƙe ki?"

Mun gode, Inna Safara'u. Mun gode da idanunmu da suka huta da hayaƙi, da bishiyoyin da har yau suke tsaye saboda ke. Allah ya ba ƙugun nan lafiya, ya bar ki da jikanki ki goya shi son ranki. Ku kuma jama'a, ku nemi matan da ta koya wa su gina muku murhu, ku daina zubar da abin da zai yi amfani. Amma kafin wannan, duk wanda ke riƙe da ɗan makaho, ko 'yar kurma, ko 'yar gurguwa, kuma ya san ba su suka ba shi da bakinsu ba, ya je ya tambaye su yau. In tausayi ne da gaske, a kai musu hatsi, a ɗebo musu ruwa, a bar musu ɗansu. Ku mayar da shi tun yana ƙarami, tun yana kukan da uwarsa za ta iya rarrashi.